Hatimi Arba'in da Ɗaya a Gwangwanin Biskit

Shafi na 19

Masu turo saƙo cewa na yi kwana huɗu shiru, na gani. Na nemi uzuri mai kyau ban samu ba. Mu je zuwa.

*

Pyo Dal-su ya gane ranar ba tasa ba ce tun daga ƙasan matakala, da ya ga takalma.

Ofishin ƙungiyar masunta ta Dolmok ɗaki ɗaya ne a saman gidan ƙanƙara. Shekara goma sha ɗaya yana sakataren ƙungiyar, bai taɓa ganin mutum ya wuce goma a ciki ba, sai in rabon wani abu ake yi. Yau dogayen takalman roba sun cika ƙofa sun gangaro matakala, wasu da ɓawon kifi a jiki, alamar masu su daga bakin ruwa suka wuto kai tsaye.

Ya yi tunanin ya juya ya ce cikinsa ne ya ɓaci. Shekararsa hamsin da shida, kuma cikin nan ya cece shi daga tarurruka da dama. Amma yayarsa Mal-sun ta riga ta leƙo ta taga.

"Hawo," ta ce. "Kai ake jira."

Ya hau.

Babu wanda ya matsa masa wuri. Suna zaune a ƙasa gwiwa na gugar gwiwa, fanka na kwashe ƙarnin kifi daga wannan kusurwa tana kai wa waccan. Kyaftin Byeon ne kaɗai a tsaye, da takarda a hannu. Wata bakwai kacal Byeon ya ba Dal-su, amma a garinmu wata bakwai ya isa a kira ka Yaya har kabari, kuma Byeon bai taɓa yafe ko sau ɗaya ba.

"Sakatare ya iso," in ji Byeon. "Bari in sake karantawa, tunda shi ne mai bokon cikinmu."

Takardar daga ofishin tsara birni take. Ta ce an yi taron jin ra'ayin jama'a kan sabon tsarin gaɓar Dolmok ranar uku ga wata. Mambobin ƙungiya, arba'in da ɗaya. Waɗanda suka halarta, arba'in da ɗaya. Ƙorafi, babu. Tunda mahalarta sun wuce kashi biyu cikin uku, ba a buƙatar taro na biyu. Ƙarfe shida na yammacin yau fayil zai wuce majalisar birni.

Tsarin dai kowa ya san shi. Za a fasa tsohon simintin gaɓa, a ja bangon tare ruwa baya, a bar laka ta dawo yadda take a da, a shuka ciyawar fadama, a yi hanyar masu keke. Babu wanda ya ce mugun tsari ne, tunda duk watan Satumba ruwa yakan shiga ɗakunan layin farko har gwiwa. Abu ɗaya tak suke so, a bar musu gangaren da suke jawo jiragensu. A taswirar gwamnati gangaren ya koma wurin shan iska mai benci shida, jiragen kuma an tura su sabuwar tasha, tafiyar minti arba'in a bas. Ƙorafin nan Dal-su ne ya rubuta shi da hannunsa, shafi uku, yana cikin durowa yana jiran taro na biyu. Don a Dolmok ba a ƙorafi a taron farko. Baƙi sun zo, sun rusuna, sun kawo abinci. Ka ci, ka gode, ka gyaɗa kai. Faɗa sai karo na biyu. Haka aka yi da masu gada, haka aka yi da masu bututun ruwa.

Byeon ya ce duk wanda ya je taron ya ɗaga hannu.

Hannu tara.

Goggo 'Yar Namhae, mai tonon kifin ɓawo a cikin laka, ta ce ita a ranar tana asibiti ana cire mata yanar ido, in kuwa ta je taro to a sume ta je. Wani ya ce yana can tsakiyar teku, kifin da ya kamo shaida ne. Wani ya ce yana Seoul wurin 'yarsa. Byeon ya bari kowa ya gama, sannan ya juyo.

"Dal-su. Ina gwangwanin?"

Kowa a ƙungiyar yana da hatimi biyu. Na gaske, wanda ake sayar da gida da shi, yana ɓoye a ɗaka. Na yau da kullum, ɗan katako mai araha kamar tsawon yatsa, yana wurin sakatare a cikin tsohon gwangwanin biskit. Takardar man jirgi ta zo, takardar ɓarnar guguwa ta zo, ba sai an taso mutum daga teku ba, sakatare ya buga masa. Haka sakataren da ya gabata ya yi, haka na gabansa. Ba a taɓa rubuta wannan a ko'ina ba, kuma ba a taɓa buƙata ba.

"Yana inda yake, Yaya."

"Ya taɓa fita daga inda yake?"

"Gwangwani ai ba ya fita da kansa."

"Shi ya sa nake tambayar mai ƙafa."

Dal-su ya fara bayani mai tsawo kan yadda ofisoshin gwamnati kan yi kuskure, yadda na'ura kan maimaita lamba, yadda ya taɓa jin an yi irin wannan a wata unguwa da ya manta sunanta. Yana magana yana jin muryarsa tana siririncewa. Zufa ta karyo masa, ya jawo tawul ɗin wuyansa ya goge goshi.

Mal-sun ta kafe tawul ɗin da ido. Sannan ta dubi na wuyanta. Sannan ta bi ɗakin da kallo. Rabin mutanen da ke zaune suna rataye da irinsa, kore, da farin rubutu a baki: Gaɓa Mai Ɗorewa.

Ta zare nata a hankali.

"Dal-su."

"Na'am, Yaya."

"Tawul ɗin nan, ka ce mana gwamnati ce ta aiko wa kowa."

"Haka ne."

"Wa ya ba ka arba'in da ɗaya, alhali mutum tara suka je?"



Ya faɗa musu. A bakin ƙofar zauren taron an ajiye tebur, da takardar mahalarta, da kwali cike da tawul. Ma'aikacin da ke wurin ya ce tawul ɗaya ga duk hatimi ɗaya a takarda. Mutum tara suka karɓa, kwalin kuma ko motsi bai yi ba. Dal-su ya ga ana shirin mayar da shi mota. Ya ce wa mutumin sauran suna sama, tsofaffi ne, ƙafa ta hana su saukowa, bari ya kai musu takardar. Ya hawo nan, ya buɗe gwangwani. Minti goma sha biyu ya ɗauka. Har sauya nauyin hannu ya riƙa yi, wani ya danna da ƙarfi, wani ya ɗan karkace, don kada su yi kama da na mutum ɗaya.

"Ban san ana ƙirga takardar ba," ya ce. "Na ɗauka ta tawul ce."



"Kuma tawul ne mai kauri," ya ƙara, don bakinsa bai taɓa sanin inda ake tsayawa ba.

Da ihu suka yi masa, da ya fi sauƙi. Goggo 'Yar Namhae ce ta fara. Ta cire nata, ta ninke shi gida huɗu kamar wadda ta gama guga, ta miƙa hannu ta ajiye a gabansa. Na kusa da ita ya yi haka. Ɗaya bayan ɗaya tawul suka taru a gaban gwiwarsa, a jere, tsaf. Byeon ne na ƙarshe, shi bai ninke ba.

"Gangaren da kakanninmu suka dasa da duwatsu," ya ce. "Ka sayar da shi a kan abin goge wuya. Ko a sayarwa ba ka iya ciniki ba."

Ana cikin haka aka ji takun takalmi mai tsini a matakala. Malama Ok Hye-rin ce, ma'aikaciyar ofishin tsara birni da ke riƙe da fayil ɗin Dolmok. Byeon ne ya kira ta tun da safe. Ba ta kai talatin da biyar ba, kuma kakarta ta sayar da kifi a kasuwar tsallaken ruwa, shi ya sa tsofaffin ke ce mata 'yar nan in suna jin daɗinta, Malama in ba sa ji. Ta cire takalmi, ta rusuna. Wani ya dama mata kofi a kofin takarda, don fushi ba ya soke kofi.

Byeon ya fara ba ta labari, ta ɗaga hannu ta tsayar da shi.

"Kyaftin, kunnena ba ya aiki a ɗakin nan. Takarda kawai nake ɗauka. Ku yi hankali da abin da za ku sa in ji."

Ta dubi tarin tawul ɗin, ta dubi Dal-su, ta kawar da kai. Dal-su ya gane kunnen ba ya aiki, amma idon lafiyarsa ƙalau.

Ta yi musu bayani ba tare da ta ɗaga murya ba. Dokar sabuwa ce, kuma don irinsu aka yi ta: ba a taɓa gaɓa sai an ji mutanen gaɓa. In mahalarta ba su kai kashi biyu cikin uku ba, dole a sake taro, kuma duk ƙorafin da aka kawo sai an ba shi amsa a rubuce kafin a aza tubali ɗaya. Ita kanta ta yi ta jiran taro na biyu, don ta san da maganar gangaren, har ta zana wata taswira da ta bar shi a gefe. Sai ga takarda ta dawo mata da hatimi arba'in da ɗaya. Shugabanta ya yi murna, ya ce a rataye ta a bango a matsayin abin koyi.

"To ki yaga ta," in ji Byeon.

"Ta shiga na'ura tun ranar. Ko na cinye ta, tana nan."

"To sai yaya, Malama?"

Ta buɗe jakarta ta fito da farar takarda da biro, ta ajiye a ƙasa tsakiyar ɗaki. Ta ce in akwai wanda ya buga hatiman wasu ba da saninsu ba, ya rubuta haka, ya sa hannu, kafin ƙarfe shida. Takardar mahalarta ta mutu, taro ya dawo. Amma kada su ce ba ta faɗa ba, irin wannan takarda ba ta tsayawa a teburinta. Dole ta miƙa wa 'yan sanda. Buga hatimin wani a takardar gwamnati, sau talatin da biyu, ba abin da ake kashewa da ban haƙuri ba ne.

Dal-su ya hango kansa a labaran yamma, ana fito da shi daga mota ya rufe kai da jaket, kuma ya san tsohuwar jaket ɗin ce mai yagaggen aljihu.

"Zan rubuta," ya ce.

Ya ɗan dakata, ko wani zai ce haba, ai ba a yi haka ba. Babu wanda ya ce. Ya jawo takardar.

Malama Ok ba ta kallonsa. Ta fito da kwafin takardar mahalarta tana bin sunayen da yatsa, kamar mai magana da kanta. Ta ce ita dai tambaya take yi, ko duk mutum arba'in da ɗayan nan suna raye? Don in a cikin jerin akwai wanda ya rasu, to jerin ne gurɓatacce tun farko. Gayyatar da aka aika a kansa ba ta inganta ba. Wannan kuskuren ofis ne, kuma ofis ya fi son ya ce jeri ya tsufa a kan ya kira 'yan sanda. Fayil zai dawo, ba a tambayi kowa komai ba.

Kowa a ɗakin ya shiga ƙoƙarin kada ya kalli wuri ɗaya.

"Lamba goma sha bakwai," Goggo 'Yar Namhae ta faɗa ƙasa-ƙasa.

Yatsan Malama Ok ya gangara. "Ma Chun-bok."

Mijin Mal-sun ne. Shekara bakwai ke nan da ya fita a guguwar Satumba. An tsinci jirgin a kife, ba a tsinci mai jirgin ba. Tun shekarar farko doka ta ba ta damar ta je kotu a rubuta ya rasu. Duk wanda ya kawo mata maganar, da tsintsiya ya bar gidan. Takalmansa suna bakin ƙofarta har yau, kuma duk bazara takan sauka gangare da gwangwanin fenti ta sabunta lambar turken da yake ɗaure jirgi.

Mal-sun ta juyo gaba ɗaya ta fuskanci ƙaninta.

"Har nasa ka buga?"

"Yana cikin gwangwanin, Yaya. Hannuna ne kawai yake tafiya."

"Tawul biyu ka kawo min."

"E."

"Na ajiye masa ɗayan."

Dal-su ya sunkuyar da kai. Ya so ƙasa ta tsage, amma a ƙarƙashinsu gidan ƙanƙara ne, ko ta tsage sanyi kawai zai sha.

Malama Ok ta rage murya. Ta ce wa Mal-sun ta yi haƙuri, Inna, ba ta sani ba. Amma a takarda wanda ya ɓace yana raye, yana iya zuwa taro ya karɓi tawul kamar kowa. Sai dai in matarsa ta rubuta, bisa rantsuwa, cewa ya rasu, ta sa rana, ta ce za ta bi da maganar kotu. Wannan ya isa ta tsayar da fayil yau. Ba ta ce a yi ba. Ta dai faɗi abin da ke akwai.

Dal-su ya damƙi biro kamar za a ƙwace. Ya fara rubutu da sauri. Ni, Pyo Dal-su, sakataren. Waɗanda ke kusa suka ɗan yi mamaki, don ba a san shi da irin wannan jarumta ba. Shi kaɗai ya san ba jarumta ba ce. Akwai abin da ya fi 'yan sanda ba shi tsoro, kuma yana zaune a gefensa da gyale mai furanni.

Hannun Mal-sun ya sauka a kan nasa. Hannu ne da ya shekara arba'in yana fasa kifi.

"Saki biron."

"Yaya, ni na yi, ni zan ɗauka."

"Kai? Kai da ko tukunyar kabejin kimchi ba ka iya ɗauka sai ka kwana uku kana nishi?"

"Ki bar ni in yi abu ɗaya daidai."

"Ka yi wata shida a ɗaure, wa zai kai Innarmu asibiti ranar Talata? Byeon?"

Byeon ya ce shi fa ba ruwansa da rigimar gida, ya ja da baya har ya taka ƙafar wani.

Dal-su ya roƙe ta. Ya ce laifin farko ne, wataƙila gargaɗi kawai za su yi masa. Ya ce yana da shekaru, alƙali zai duba furfura. Ya ce ko ɗaurin ne ma, dama likita ya ce ya rage ci. Duk abin da ya zo bakinsa ya faɗa, ita kuwa tana ɓanɓare yatsunsa daga jikin biron ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda take yi masa da cokali lokacin yana ɗan shekara uku.

Da biron ya koma hannunta, ba ta dube shi ba. Tagar take kallo, inda ake hango gangaren, ruwa ya janye, jirage uku a kwance bisa gefe.

"Shekara bakwai ina cewa ta can zai fito," ta ce. "In na bar shi da rai a takarda, ko dai su zuba benci a wurin, ko su tafi da kai. In na kashe shi a takarda, wurin yana nan, kai ma kana nan." Ta ja numfashi. "Shi ba zai ji haushi ba. Bai taɓa karanta takarda a rayuwarsa ba."

Ta juya takardar ta ɗaya gefen. Malama Ok ta ce a'a, sabuwa za a ɗauka, ta miƙo mata da hannu biyu. Goggo 'Yar Namhae ta rufe fuska da tafinta.

Mal-sun ba ta saba rubutu ba. Kowane harafi sai ta danna kamar mai dasa ƙusa. Ta rubuta sunanta. Ta rubuta nasa. Ta rubuta kalmar da ta shekara bakwai tana korar mutane a kanta. 

"Saura rana, Inna," in ji Malama Ok. "Ki tuna rantsuwa ce. Abin da kika tabbata kawai za ki sa, don kotu za ta bi diddigi. In aka samu saɓani, ke za a tuhuma."

"Wa zai manta ranar?" Mal-sun ta ce. "Duk garin nan sun san ta."

Ta sa shekarar guguwar. Ta sa watan tara. Ta ɗaga biro za ta sa rana.

Dal-su ya kifa tafinsa a kan takardar.

"Cire hannunka."

"Kada ki sa wannan ranar, Yaya."

"Na ce ka cire."

"Ba za ki rantse a kanta ba."

Ta ɗago. Wannan karon ta dube shi sosai, irin kallon da ba ta yi masa ba tun suna yara.

"Don me?"

Bakin da bai taɓa sanin inda ake tsayawa ba ya bushe ƙamas. Ya ji Byeon ya daina motsi a bayansa, ya ga Malama Ok ta ajiye kofinta a hankali.

"Don ba ranar ba ce," ya ce. "Mijinki bai mutu a guguwar ba. Bara ya rasu. Watan uku. Ina wurin."